Na Je Amurka Na Koyo Faɗuwa

Tun da na dawo Funtua ban je wani suna ko biki ko gaisuwar rasuwa ba a tare ni da tambaya ba. "Hajiya Rabi, wai da gaske ne faɗan 'yan Caina kika koyo a Amurka?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura yana ƙara ƙiba a bakin mutane. Makon jiya wata ta rantse mini cewa an gaya mata na karya wa wani Bature hannu a tashar jirgi. To, ban karya wa kowa hannu ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi shugabancin makaranta kafin in yi ritaya. Maigidana ya rasu shekara huɗu ke nan, ni kaɗai ce a gidan sai mai taya ni aiki da ke zuwa da safe. Bara da damina na zame a banɗaki, na kai hannun dama don in tokare, wuyan hannun ya karye. Ƙashi ya haɗe cikin wata biyu. Abin da bai warke ba shi ne tsoro. Na koma tafiya ina dafa bango a cikin gidan da na shekara talatin ina zagayawa ko babu fitila. Na daina zuwa kasuwa. Salla ma na koma yin ta a kujera, ba don gwiwa ta gaza ba, sai don ina ganin idan na kai ƙasa ba zan iya tashi ba.

'Yata ta fari, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata aka sa mata, nas ce a wani asibiti a Largo, cikin jihar Maryland, dab da birnin Washington. Ita ta matsa sai na je likitocinsu sun duba ni. Na yi ta zillewa, ta yi ta kuka a waya, har dai na ce to.

Daga Funtua zuwa Abuja ba sai na ba ku labari ba, kun san hanyar, kun san addu'ar da ake yi a kanta. A filin jirgi na tarar Ummi ta riga ta sa a tanadar mini keken guragu. Na ji kunya, amma na hau. A cikin jirgi kuwa na ƙi shan ruwa, na ƙi shayi, don kada fitsari ya kama ni in tashi in yi tafiya a cikin abin da ke rawa a sararin sama. Matar da ke kusa da ni ta lura. Ashe Bahaushiya ce 'yar zangon Kumasi, Hausarta wata iri, ba ta bambanta namiji da mace. Ta ce, "Maame, ka sha ruwa, in ka tashi ni zan riƙe ka." Haka ta riƙa kai ni tana dawo da ni har muka sauka. Ko sunanta ban riƙe ba, Allah ya saka mata.

A wurin masu duba fasfo ne na fara gamuwa da jarrabawa. Jami'in, wani matashi mai fara'a, ya tambaye ni wurin wa na zo. Na ce wurin 'yata. Ya ce, mene ne sunanta? Jama'a, shekara talatin da takwas ban taɓa furta sunan yarinyar nan ba. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan uwata ne. Na zaro takardar gayyata na nuna masa da yatsa. Ya ce ya gani, amma so yake in faɗa da bakina. Na dubi hagu na dubi dama, babu wanda ya san ni, na sunkuyar da kai na faɗa kamar mai amsa laifi. Ya ce in ɗaga murya. Na sake faɗa. Ya tsaya yana kallona, ina jin yana tunanin wace irin uwa ce wannan da sunan 'yarta ke yi mata nauyi. Da na yi masa bayanin al'adarmu sai ya yi dariya, ya ce shi kuwa uwarsa ba ta kiran cikakken sunansa sai ya yi laifi. Ya buga hatimi.

Gaba kaɗan wani kare ya zo ya zauna a gindin akwatina. Aka buɗe. Kilishin da na sayo wa surukina, suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, suka ɗauke cikin ladabi. Kuka da busasshiyar kuɓewa suka jujjuya suka bar mini. Da wata jami'a ta kwance ƙullin daddawa sai ta ja da baya, ta tambaye ni ko abin ya lalace ne a hanya. Na ce a'a, haka yake, kuma wannan ma mai kyau ce. Ta ɗaure da sauri ta ce in wuce.

Gidan su Ummi irin gidajen nan ne da ke manne da juna a jere, kowanne siriri, hawa uku. Babu tsakar gida, babu zaure. Kicin a ƙasa, ɗakina a sama, tsakaninsu matakala goma sha huɗu ta katako. Na ƙirga su a ranar farko, kuma na tsane su a ranar farko. Mijinta, Injiniya Kabiru, mutumin kirki ne, amma a gida irin wannan babu inda suruka za ta ɓuya. Washegari na leƙo na gan shi da gajeren wando yana soya ƙwai, matarsa na zaune tana shan shayi. Ya ce, "Hajiya, ina kwana? Guda nawa zan soya miki?" Na juya na koma ɗaki da sauri. Sai da Ummi ta hau ta yi ta lallashi, wai a nan wanda ya riga tashi shi ne mai girki.

Abincinsu komai ƙato ne. Kaza kamar talo-talo, amma ka tauna kamar auduga. Tumatur ja wur, babu ƙanshi. Sai ranar Asabar da Ummi ta kai ni wani shagon 'yan Afirka a Lanham na ga gero da manja da busasshen kifi, hankalina ya ɗan kwanta. Maƙwabta kuwa sai murmushi daga nesa. Na yi wata guda ban ji an yi sallama a ƙofa ba. Jikokina biyu, su Amira, suna jin Hausa sarai, amma in na ce "kun ci abinci?" da Turanci za su amsa, su wuce makaranta. Kowa ya fita, ni kuma in zauna a sama ina kallon titi ta taga, in jira a dawo a sauko da ni.

Likita ya ɗauki hoton hannun ya ce ƙashi lafiya lau. Ya ce abin da nake bukata motsa jiki ne, don ƙafafuna sun fara mantuwa da aikinsu. A mota muna komowa Ummi ta ce, "Mama, mun yi magana da Baban su Amira. Za mu nema miki takardun zama. Ba za ki koma gidan nan ke kaɗai ba."

Na ce, "Da izinin wa?"

Ta ce, "Mama, kwana nawa kika yi a nan ba ki sauko matakala ke kaɗai ba? In kika sake faɗuwa a can, wa zai ɗaga ki? Ni a asibiti nake aiki, ina ganin abin da faɗuwa ke yi wa tsofaffi."

Gaskiya ta faɗa. Amma na tuna kabarin maigidana, da bishiyar lemon da ya dasa, da matan unguwa da ke shigowa ba sallama ma, sai na ji kamar an ce za a rufe ni da rai a ɗakin sama na gidan katako.

A wani suna da aka yi a Lanham na haɗu da Hajiya Mariama, 'yar Damagaram, wadda ta daɗe tana aiki a wani gidan rediyo kafin ta huta. Ta girme ni da shekara biyar, amma na ga ta tashi daga kan darduma ɗauke da faranti a kowane hannu ba ta dafa komai ba. Na kasa haƙuri na tambaye ta sirrin. Ta ce, "Bon, Hajiya, ni ma da haka nake kamar ke. Lokotoro ne ya tura ni wurin wata tsohuwa 'yar Sin a unguwarmu, Takoma Park. Ranar Talata muna da randebu da ita. Zan zo in ɗauke ki." A Hausarsu ta Nijar, lokotoro shi ne likita, randebu kuma alkawarin haɗuwa.

Na ce, "Faɗan Caina? Irin na fim, a yi ta tsalle ana ihu? Da tsufana?"

Ta ce, "Ke dai zo ki gani."

Wurin wani zaure ne a ƙasan wani gini, daɓen katako, madubi a bango ɗaya. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne ɗaya bangon: takubba sirara, wasu masu faɗi kamar adda, masu da jan tuntu a wuya, dogayen sanduna, da mafitai a jere. Na ce a raina, Mariama ta kawo ni gidan yaƙi. Ɗaliban kuwa kusan duk tsofaffi ne, farare da baƙaƙe, har da mai sandar dogarawa. Malamar ta fito, 'yar ƙaramar mace da ba ta kai kafaɗata ba, gashi fari fat an yanke shi gajere. Sunanta Lin, ana ce mata Shifu, wato malam a harshensu. Shekarunta saba'in da huɗu.

Na riga na ƙudurta cewa in aka ce a rusuna wa wani ko a yi sujada ga hoto, zan ɗauki jakata. Sai na ga gaisuwar tasu dunƙule hannun dama ce a rufe shi da tafin hagu a gaban ƙirji, a tsaye ƙyam. Na ce wa Mariama, "Ai wannan jinjina ce, sun dai sa mata murfi." Duk da haka na tambayi Shifu Lin kai tsaye ko akwai bauta a cikin abin. Turancinta a karye yake, nawa kuma na Funtua ne, amma abin mamaki mun fi fahimtar juna fiye da yadda nake fahimtar Amurkawa masu magana ta hanci. Ta ce, "Babu. Dunƙule yana nufin ina da ƙarfi. Tafi yana nufin na rufe shi, ba zan cuce ki ba. Addininki naki ne. Ni ƙafafunki nake so."

Darasin farko tsayuwa ce kawai. Suna kiransa Cigun, motsa jiki ne na numfashi. A buɗe ƙafa daidai kafaɗa, a ɗan saki gwiwa, a ɗaga hannuwa kamar an rungumi randa, a yi ta numfashi a hankali har cikin mara. Na ce wannan ai wasa ne. Kafin minti uku cinyoyina suna karkarwa kamar na mai zazzaɓi. Suna cewa akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki, suna kiransa ci. Ni ban gan shi ba, ba kuma zan ce muku na san mene ne ba. Abin da na sani, bayan mako biyu tafin hannuna da ke sanyi kullum tun karayar ya fara ɗumi, kuma barcina ya gyaru.

Daga tsayuwa sai tafiya, wadda ita ce farkon Taici, wannan da kuke gani ana yi a hankali kamar ana iyo a iska. Shifu Lin ta ce in ɗauka ƙafafuna tulu biyu ne, ruwa na cikin ɗaya. Kada in ɗaga ƙafa sai na juye ruwan duka a cikin ɗayar. Shekara sittin da uku ina tafiya, ban taɓa sanin jefa jikina nake yi gaba ina fatan ƙafa ta tare ni ba. Rana ta uku aka ce a buɗe ƙafa sosai a sauka ƙasa, zanina ya ce bai san wannan ba, ya kama hanyar kwancewa. Allah ya taimake ni da dogon hijabi. Mariama ta yi dariya har da hawaye, washegari ta kawo mini wando mai faɗi irin nata. Ni Rabi da wando! Ko Ummi sai da ta ɗauki hoto.

Akwai wani dogon Ba'amurke baƙar fata a ajin, tsohon direban bas, Mista Ray. Mutum ne mai barkwanci, amma gaggawa ta yi masa yawa, kullum yana gama motsi kafin kowa. Ranar da aka fara koya mana mafici, wanda ake buɗewa da ƙara kamar an harba bindiga, na girgiza nawa da ƙarfi ya suɓuce ya tashi sama ya sauka a kan sanƙonsa. Ya dafe kai ya ce shekara talatin yana tuƙi a birnin nan ba a taɓa kai masa hari ba sai yau, kuma daga hannun malamar firamare. Ina jin daga nan ne labarin karya hannun Bature ya samo asali.

Ranar Alhamis ake darasin kare kai. Na zaci za a koya mana naushi. Abin da Shifu Lin ta fara cewa shi ne: in ɓarawo jaka yake so, ki ba shi jaka. In akwai hanyar gudu, ki gudu. Ki yi ihu tun kafin ya matso. Sauran dabarun na ranar da babu mafita ne. Maza da maza suke gwadawa, mata da mata, don haka ban sami matsala ba. Sai ta zo gabana ta ce in ba ta hannun dama. Na ɓoye shi a bayana ba tare da na sani ba, na miƙa hagu.

Ta ce, "Wancan."

Na ce, "Ya taɓa karyewa."

Ta ce, "Likita ya ce ya warke?"

Na ce, "Ya ce."

"To ke ce ba ki gaya wa hannun ba. Zan riƙe a hankali. Kin yarda?"

Na miƙa. Yatsunta kamar ƙarfe. Na ja baya da ƙarfi, ko motsi ba ta yi ba. Ta ce kada in ja, in juya hannun ta wajen babban yatsanta, nan ne ƙofa, kuma in juya da ƙugu ba da kafaɗa ba. Na juya. Hannuna ya fito kamar an zare shi daga ruwa. Na tsaya ina kallon hannun nan da na shekara ina lallaɓawa kamar ƙwai. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Ita dai ta sake miƙo hannu ta ce, "Sau goma."

Wata na biyu ta shimfiɗa katifu ta ce yau faɗuwa za a koya. Na ce na zo ne don kada in faɗi. Ta ce, "Kowa zai faɗi. Ni ma ina faɗuwa. Wadda ta iya faɗuwa da tashi ita ce ba ta tsoro." Daga zaune muka fara, sannan daga tsugune. A manne haɓa a ƙirji don kare ƙeya, a lanƙwashe baya, a bar jiki ya sauka ta gefe, kada a kai tafin hannu a tokare. Wato ainihin abin da na yi a banɗakina shi ne abin da ba a yi. Sannan tashi: a mirgina, a dawo kan gwiwa da hannu, a kafa ƙafa ɗaya, a huta, a miƙe. Na faɗi a katifar nan ya fi sau ɗari. A makon ne na ajiye kujera na yi sallar Azahar da goshina a ƙasa. Na daɗe a sujadar nan.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne sanda. Doguwa ce, ta fi ni tsawo, ta wani farin icce mai lanƙwasa. Mariama ta fi son takobi, wai yana tuna mata na Buzayen garinsu. Ni da aka ba ni sanda aka ce in ɗaga in sauke da ƙarfi, sai na ji jikina ya san aikin. Shifu Lin ta tsayar da aji ta ce in sake. Ta tambaye ni a ina na taɓa koyo. Na ce ban taɓa ba. Ta ce ƙarya ne, wannan saukar daga ƙugu take, ba a samun ta a wata biyu. Sai Mariama ta tafa hannu ta ce, "Taɓarya ce!" Muka yi wa Shifu Lin bayanin turmi da daka, yadda tun ina 'yar shekara tara nake dakan fura a gidanmu. Ta sa na nuna wa ajin yadda ake daka, har da jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Tsofaffin Amurka goma sha biyu suka jeru suna dakan iska. A ranar Shifu Lin ta gaya mini ita ma ba a makaranta ta fara ba. Mahaifinta ne ya koya mata a tsakar gidansu, tana aikin ɗinki a masana'anta, kuma ta zo Amurka ne renon jika kamar kowace kaka.

Zuwa lokacin na daina jiran Mariama. Ina sauka matakala goma sha huɗu, in shiga jirgin ƙasan da suke kira Metro daga Largo, in canja a tsakiyar birni. Sau ɗaya na shiga wanda ba shi ba na tsinci kaina a Virginia, wata mai sayar da furanni ta dawo da ni hanya. Ummi tana ganin duk wannan, amma maganar takardu ba ta janye ba. Ta ce a katifa daban, a duniya daban.

Sai ga kaka ta shigo, ganyaye suka yi ja suka zube. Wata Asabar da hantsi an yi yayyafi, na fito da kwanon dambu zan kai wa Mariama. A matakalar ƙofar gida na taka jiƙaƙƙen ganye. Ƙafata ta tafi.

Ba zan ce na yi tunani ba, babu lokacin tunani. Na dai ji haɓata ta manne a ƙirji, na saki kwanon, na sauka ta gefe na mirgina kan ciyawa. Na kwanta ina kallon sama, dambu ya watsu har kan motar maƙwabci. Ummi ta fito da gudu ba takalmi tana salati, Injiniya na bayanta. Ta kai hannu za ta ɗaga ni.

Na ce, "Kada ki taɓa ni."

"Mama!"

"Na ce ki tsaya nan."

Na motsa yatsun hannu, na motsa na ƙafa. Ƙuguna na zafi, amma zafin bugu ne. Na mirgina, na dawo kan gwiwa, na kafa ƙafar dama, na huta, na miƙe. Na karkaɗe hijabina. Injiniya ya ce, "Allahu Akbar," ya juya ya hau tsince kwano, ina jin don kada in ga fuskarsa.

Ummi dai sai da ta kai ni asibiti aka ɗauki hoto. Babu abin da ya tsage. A hanyar dawowa ta tsaya a gefen titi ta kashe mota, ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka mai isarta. Na bar ta. Da ta ɗago ta ce, "Da na hango ki a ƙasa na ce shi ke nan."

Na ce, "Ni ma da can haka nake cewa."

Ta share ido, sannan ta ce, "In za ki koma, sai an sa ƙarfen dafawa a banɗaki, an canja tayil ɗin nan mai santsi. Kuma kullum da safe ki kira ni."

Na ce, "Na yarda da biyun farko. Kira kuwa, wanda ya riga tashi shi ne mai kira."

Ranar darasina na ƙarshe na dama fura da gero daga shagon Lanham, da kindirmon kanti, na kai wa ajin. Mista Ray ya sha kofi uku. Shifu Lin ta ga ina ɗingishi kaɗan, na ba ta labarin faɗuwar. Ba ta ce madalla ba, ba ta ce kash ba. Tambayarta ɗaya: "Hannu fa?" Na ɗaga mata shi na juya. Ta gyaɗa kai kamar malamar da ta duba jarrabawa ta ga an ci. Sai ta tambaye ni, a harshenmu me ake ce wa wanda ya faɗi? Na ce, sannu. Ta ce, wanda ya gaji da aiki fa? Na ce, sannu. Ta ce, to in ana so mutum ya rage gaggawa? Na ce, sannu-sannu. Ta zaro ido ta ce mutanen da suka haɗa waɗannan a kalma ɗaya ba su bukatar ta koya musu Taici. Ta sa na rubuta mata a takarda. Sanda ba ta shiga jirgi, don haka mafici ta ba ni, ja, wanda ta ce da shi ta zo daga ƙasarsu. Na dunƙule hannu na rufe da tafi, ita kuma ta buɗe hannuwa ta rungume ni, kanta a ƙirjina.

Yanzu wata uku ke nan da dawowata. Ina zuwa kasuwa da ƙafata. Da safe bayan na idar da lazimi nakan yi rabin awa a tsakar gida, da wata tsohuwar taɓarya a madadin sanda. Ina yi wa Ummi da mijinta addu'a, da Mariama, da 'yar Kumasi, da tsohuwar nan da ban san abin da take bautawa ba amma ta mayar da goshina ƙasa. Allah ya ba ta lafiya, ya shirye mu baki ɗaya.

Shekaranjiya Mariama ta turo mini saƙon murya. Ba ta ce komai a ciki ba, ta dai ɗauko sautin ajin ne a ɓoye. Ana jin takun ƙafafu a kan katako, ana jin numfashi. Can sai ga muryar Shifu Lin, siririya, a fusace, da Hausar da ba ta da karin kowane gari: "Ray! Sannu-sannu!"